Koyon aikin banki a Sakkwato: abin da ake samu a bayan kanta da abin da ake biya

Duk shekara matasa na fitowa daga Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Jami'ar Jihar Sakkwato da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, su rungumi takardunsu su bi rassan bankunan da ke Kano Road da Ahmadu Bello Way suna neman gurbin koyon aiki. Wannan bita ce ta abin da rassan ke bai wa mai koyo, wato me ake koya masa, wa ke koyarwar, ina ake kyauta masa, ina kuma ake ci da guminsa. Ba mu ware banki ɗaya ba, domin tsarin kusan iri ɗaya ne, bambancin yana ga halin manajan reshe da shugaban sashen ayyuka. Hukuncinmu tun daga nan shi ne, in dai koyon sana'a ake nufi, bayan kanta ya fi aji nesa ba kusa ba. In kuwa aikin dindindin ake hange, komai ya rataya ga takardar da mutum ya sa wa hannu ranar farko.

Ƙofofin shiga ba ɗaya ba ne, kuma iyaye da yawa ba su bambance su. Da an ga yaro da taye da katin shaida a wuya sai a ce ya samu aikin banki. Akwai ɗalibin SIWES, shirin tura ɗalibai koyon aiki a ma'aikatu, wanda hukumar horar da ma'aikata ta ITF ta kafa a 1973: ɗan jami'a yakan yi wata shida, ɗan difloma wata huɗu bayan shekarar farko, sannan akwai shekara guda ta sanin makamar aiki bayan kammala ƙaramar difloma. Waɗannan ba a ba su lambar shiga manhajar banki. Aikinsu taya kwastoma cike fom, jera fayil, saita wa mutane manhajar banki a waya da tsara layi. Abin da reshe zai ba su na kuɗin mota ya danganta da bankin, wani ya ba da, wani sai godiya. Akwai ɗan bautar ƙasa, wanda alawus ɗinsa na gwamnati ya koma naira 77,000 tun Maris 2025, shi ma yawanci teburin kula da kwastoma ko tallan asusu ake ajiye shi. Sai ma'aikacin kwantiragi, wanda wani kamfanin samar da ma'aikata ne ya ɗauke shi ya turo shi banki, kuma yawancin kashiyoyin da ake gani a kanta wannan rukunin ne. Na ƙarshe shi ne wanda bankin ya ɗauka da kansa bayan digiri da bautar ƙasa: jarrabawa ta intanet, ganawa, gwajin lafiya, sannan makarantar horo ta bankin, galibi a Legas, ta wasu makonni zuwa 'yan watanni. A can akwai makin da in mutum ya gaza kai shi sallamarsa za a yi, kuma in ya ci, bankin na iya tura shi ko'ina a ƙasar nan. Jin Hausa yakan taimaka a dawo da mutum Arewa, amma ba alkawari ba ne.

Wurin da horon ya fi cancantar yabo shi ne kejin kashiya, wato inda mai karɓa da biyan kuɗi ke zama a bayan gilashi. Ana buɗe wa kwastoma ƙofa ƙarfe takwas, amma mai koyo ya kamata ya iso tun kafin bakwai da rabi. Ɗakin ajiyar kuɗi mutum biyu ke buɗe shi, kowa da mabuɗinsa ko lambarsa, ɗaya ba ya iya buɗewa shi kaɗai. Babban kashiya zai ba ka kuɗin fara aiki, ka ƙirga a gabansa, ku sa hannu a rajista ku biyu. Rafa ɗaya takarda 100 ce, rafa goma bandir ɗaya, saboda haka rafar 'yan dubu-dubu naira 100,000 ce, bandir ɗinta miliyan ɗaya. Darasin farko da mai koyarwa nagari ke cusa wa yaro shi ne kada ya yarda da abin da aka rubuta a jikin takardar ɗauri. Rafar da ta zo da hatimin wani kashiya ma sai an warware ta an sa a na'ura, domin da zarar ka sa hannu ka karɓa, takarda ɗaya da ta ɓace a ciki ta zama taka.

Karɓar ajiya tana da tsarinta, kuma tsallake mataki ɗaya ne ke jawo asara. A duba takardar zuba kuɗi: sunan mai asusu, lambar asusu mai lamba goma, adadi da lambobi da kuma kalmomi, da rabe-raben kuɗin, 'yan dubu nawa, 'yan ɗari biyar nawa. A ware kuɗin kala-kala, a sa a na'ura sau biyu, na biyun bayan an juya su, fuskar na'urar kuma tana kallon kwastoma. Sai a shigar da lambar asusu, a karanta wa mai kuɗi sunan da ya fito da babbar murya kafin a danna komai, a buga hatimi, a ba shi kwafinsa, a kwashe kuɗinsa cikin aljihun tebur kafin a kira na gaba. Wannan na ƙarshen shi sababbi suka fi sakaci da shi. Layi ya yi tsawo, wani dattijo na ƙwanƙwasa gilashi, sai yaro ya bar kuɗin wancan a kan tebur ya karɓi na wannan, su cakuɗe, da yamma ya rasa ta inda gibi ya shigo.

Kuɗin Sakkwato kuwa ba kuɗin ofis ba ne. Wanda ya fito daga Kasuwar Kara, ko hannun 'yan albasa, ko 'yan kasuwar Illela da Achida, yakan zo a buhu, a nannaɗe da roba, da ƙura da maiƙo da danshin zufa. Takardun da suka manne na'ura kan ƙirga biyu a matsayin ɗaya, waɗanda aka lika da salatif su maƙale, 'yan hamsin da 'yan ashirin na leda kuma su zame. Lokacin hunturu ƙura na toshe idon na'urar, sai ta riƙa ba da adadi daban-daban a kan rafa ɗaya. Maganin shi ne a karkaɗe kuɗin a sassauta su kafin a sa, a goge idon na'urar da buroshi, in adadi ya saɓa sau biyu a koma ƙirgan hannu da soso mai ɗan ruwa. Reshen da ke tilasta wa mai koyo ya iya ƙirgan hannu kafin ya taɓa na'ura ya yi masa gata. Jabu ma a irin wannan cunkoson yake shigewa, a tsakiyar rafa ake soke shi. Na'ura da fitilar gwaji suna kama da yawa, amma yatsa ne ke fara ji: takardar gaske tana da kaushin rubutu, da zaren tsaro a jikinta, da hoton da ke bayyana in an ɗaga ta ga haske. Jabun da ya wuce ka aka gano shi a ɗakin ajiya, kai za ka biya.

Biyan kuɗi ya fi karɓa hatsari. Ceki na mutuwa bayan wata shida daga ranar da ke jikinsa. Adadin kalmomi da na lambobi dole su dace, duk gyara sai mai asusu ya sa hannu a kansa, kuma tun Janairun 2023 cekin da aka rubuta wa wani ba a biyansa a kanta in ya haura naira 100,000, sai dai a zuba a asusu. A gwada sa hannu da hoton da ke kwamfuta, a duba sharaɗin asusun, domin na ƙungiya ko na kamfani sau da yawa sai mutum biyu sun sa hannu. Sabon kashiya yana da iyakar abin da zai iya biya da kansa, abin da ya haura sai na sama da shi ya amince a kwamfutarsa. Masu koyo kan ɗauki wannan a matsayin raini, alhali shi ne garkuwarsu.

Ƙarfe huɗu ake rufe ƙofa, a nan kuma aikin gaske ke farawa. Kashiya zai ƙirga abin da ke hannunsa ya gwada da abin da kwamfuta ta ce. In sun saɓa, akwai dabarun da tsofaffin hannu ke koyarwa, kuma sun fi duk wata lacca amfani. Bambancin da tara ke raba shi ba saura, galibi juya lambobi aka yi: an shigar da 54,000 a maimakon 45,000, ko an ƙara sifili, 50,000 a maimakon 5,000. Bambancin da ya yi daidai da ninki biyu na adadin da ke wata takardar ajiya ko cira, an shigar da ajiya ne a matsayin cira ko akasin haka. In ya zo cif kamar 500 ko 1,000, to a wajen ƙirga ne, sai a warware rafofin da aka ɗaure a ranar. In ya yi daidai da adadin da ke takardar ajiya ko cira guda, ko ba a shigar da ita ba ko an shigar sau biyu, abin da ke yawan faruwa ranar da sabis ke yankewa, mutum ya danna bai ga amsa ba ya sake dannawa. Ka'ida a nan ita ce kada a maimaita shigarwa sai an buɗe asusun an ga ko ta farko ta shiga. In duk an bi ba a gano ba, a duba kyamara, in ita ma ba ta nuna ba, gibin na kashiya ne, daga albashinsa za a cire. Rara ma laifi ce. Ba a sa ta aljihu, ba a ɓoye ta don cike gibin gobe, bayyana ta ake yi a zuba a asusun da aka tanada, domin kuɗin wani ne kuma zai dawo nema. Washegari wani daban zai bi takardun jiya ɗaya bayan ɗaya ya gwada da abin da aka shigar.

A wannan fanni rassan Sakkwato sun ci maki mai kyau, da sharaɗi ɗaya. Wasu sukan zaunar da sabo kusa da gwani na mako biyu ko fiye yana kallo, sannan a ba shi ƙananan ajiya kafin a sakar masa biya. Wasu kuma, saboda ƙarancin ma'aikata, kwana kaɗan sai a tura shi keji a ƙarshen wata, lokacin da albashin ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi 23 da kuɗin 'yan fansho suka faɗo tare. Wannan ba horo ba ne, jefa yaro ne cikin asara, kuma mai neman gurbi yana da damar tambaya tun wajen ganawa kwana nawa ake ba sabo kafin a ba shi aljihun tebur nasa.

Teburin kula da kwastoma ya fi koyar da haƙuri da sanin doka. BVN, lambar tantance mai asusun banki da aka fara a 2014, da NIN, lambar shaidar ɗan ƙasa, kowanne lamba goma sha ɗaya ne, kuma tun ƙarshen 2023 Babban Banki ya wajabta haɗa asusu da su, ƙaramin asusu da ɗaya daga ciki, manya da duka biyun. Matsalar da ta fi cin lokaci a nan ita ce saɓanin suna. Mutum ɗaya Muhammadu ne a wannan takarda, Mohammed a waccan, a ɗaya ya sa sunan mahaifi, a ɗaya sunan garinsu, Bodinga ko Wurno ko Gwadabawa, ranar haihuwa kuma wadda mai cike fom ya ga dama ya rubuta masa. Kwamfuta ba ta san mutum ɗaya ba ne. Sai dattijo ya zauna ya ce, "Yaro, mi ad dalili? Kuɗɗina na, ni na aje su." Wanda aka koya wa aiki ba zai ce masa sabis ne babu ba. Zai ce, "Baba, ku yi haƙuri, kuɗinku na nan ba abin da ya same su, sunan da ke katinku ne bai yi daidai da na banki ba," sannan ya rubuta masa a takarda abin da zai kawo: takardar rantsuwa ta kotu, da gyaran da zai yi a ofishin NIMC, hukumar da ke ba da NIN, in a can kuskuren yake. Zuwa ɗaya ya isa in an yi bayani daidai, musamman ga wanda ya biya kuɗin mota daga Tangaza ko Isa.

Na'urar ɗaukar zanen yatsa na ƙin hannun manomi da ya goge da fartanya, tana kuma wahala da yatsun da suka sha lalle ko suka bushe da hunturu. A goge gilashin, a sa mutum ya ɗan murza yatsa ya yi laushi, a gwada wani yatsan. Wanda ba ya rubutun boko yakan dangwala, wani ya sa hannu da ajami, kuma duk wanda aka ajiye a kwamfuta shi za a riƙa gwadawa da shi. Sai ƙorafin ATM da ya cire kuɗi bai bayar ba. Ka'idar Babban Banki ta 2020 ta ce in katin da na'urar na banki ɗaya ne a mayar nan take, in ya ƙi kada ya wuce awa 24, in na wani banki ne awa 48, na POS da intanet awa 72. Mai koyo ya karɓi ranar da abin ya faru, adadi, na'urar da aka yi amfani da ita da lambobin ƙarshe na katin, ya shigar da ƙorafin a ranar, ya ba kwastoma lambar bibiya. Jinkirin da mutane ke zagin banki a kansa sau da yawa fom ne ya kwana a aljihun tebur.

Abu biyu ke kashe wa mai koyo aiki tun bai fara ba. Na farko ba da lambar sirri. Kowace manhajar aiki bankin ke amfani da ita, Finacle ko Flexcube ko T24, duk abin da aka yi da sunanka kai ka yi. Wani na gaba da kai zai ce ka bar masa kwamfutarka ya shigar da abu ɗaya kafin ka dawo daga salla, kunya ta hana ka musa masa. Kulle ta ka tafi. Wanda aka kora kan zamba sunansa na zuwa Babban Banki, kuma ba zai sake aiki a wani banki ba. Na biyu sakin baki. Sakkwato gari ne da kowa ya san kowa, za a tare ka wajen ɗaurin aure a ce ka duba ko kuɗin wane sun shigo, ko mata ta nemi sanin abin da ke asusun mijinta. Kwamfuta na ajiye sunan duk wanda ya buɗe asusu ya leƙa. Haka kuma dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta sa banki ya kai rahoton mu'amalar da ta haura miliyan 5 ga mutum ko miliyan 10 ga kamfani zuwa NFIU, hukumar tattara bayanan sirri kan hada-hadar kuɗi, da duk wadda ake zargi komai ƙanƙantarta, kuma tsegunta wa kwastoma cewa an kai rahotonsa laifi ne mai zaman kansa.

Inda tsarin ya faɗi a ganinmu shi ne sashen talla. A nan koyarwa kaɗan ce, taget ne mai yawa: asusu kaza a wata, ajiya kaza, na'urar POS kaza. A ba yaro fom ya shiga Babbar Kasuwa da ƙafa cikin zafin Afrilu da ke haura digiri 40, sau da yawa da kuɗin kabu-kabu daga aljihunsa. Manyan 'yan kasuwar garin 'yan kaɗan ne kuma kowane banki su yake bi, sai mai koyo ya koma kan dangi da abokai yana buɗe asusun da ba za a taɓa zuba ko sisi ba, bayan shekara su zama matattu. Wanda mahaifinsa ke da abokai masu kuɗi ya cika taget ba tare da ya koyi komai ba, ɗan talaka mai ƙwazo a kira shi rago a taron safiya. 'Yan mata sun fi shan wahalar wannan, domin akwai masu kuɗin da ke ɗaukar zuwan yarinya neman ajiya a matsayin wata dama. Reshen kirki ba ya tura mai koyo mace ita kaɗai, kuma wadda aka matsa mata ta sani kowane banki na da layin kai ƙara a asirce da ba ya bi ta hannun manaja. Wanda aka ba zaɓi ya fara da sashen ayyuka, talla ta biyo baya.

Maganar riba, wato kuɗin ruwa, ba a kauce mata a gidajen Sakkwato, kuma da yawa a nan shawara ke tsayawa. Wannan hukunci ne da mutum zai nema wajen malamin da ya amince da shi. Abin da za mu ce kawai shi ne yanzu akwai zaɓin bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa: Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank a 2019, Lotus a 2021. Aikin kanta iri ɗaya ne a can da nan, gibi gibi ne, taget ma na nan. Bambancin yana wajen ba da jari, inda mai koyo zai san murabaha, wato banki ya sayi kaya ya mallake su sannan ya sayar wa kwastoma da ribar da aka sani, da ijara, wato haya, da mudaraba, wato ɗaya ya ba da jari ɗaya ya juya shi su raba ribar. Kuskuren da ake yawan yi a murabaha shi ne a bari kwastoma ya karɓi kuɗi a hannu ko a sa hannu kan sayarwa kafin banki ya mallaki kayan, wanda hakan ke ɓata cinikin daga tushe.

Lokacin tashi ba shi da tabbas. Ranar da lissafi ya daidaita ana iya fita kafin magariba, ranar da kashiya ɗaya ya samu gibi kowa na zaune, ga kuma zuwa Asabar ko Lahadi don loda ATM in juyinka ya zo. Salla ana yin ta ne bi da bi, a kulle aljihun tebur da kwamfuta, Juma'a kuma yawancin rassa na sassautawa har a sa kaftani. Da azumi, awannin ƙarshe kafin rufewa su ne lokacin da kuskure ya fi yawa, gara a rage sauri a ƙara ƙirga.

Ga ɗan kwantiragi, abin dubawa kafin sa hannu shi ne sunan wa ke saman takardar ɗauka, na banki ko na kamfani. Albashinsa bai kai na takwaransa na dindindin ba ko da kujera ɗaya suke zaune, ƙarin girma babu, kuma mayar da shi cikakken ma'aikaci sai an buɗe jarrabawa, wadda galibi ke neman digiri ko babbar difloma da ƙayyadadden shekaru. Mutum na iya shekara biyar a keji yana jira har shekarun su wuce shi. Saboda haka mai ƙaramar difloma ya ci gaba da karatu tun shekarar farko, ya kuma yi rajista da CIBN, cibiyar ƙwararrun ma'aikatan banki ta Najeriya, ya fara jarrabawar ƙwarewa. Ya tambaya ko ana zuba masa fansho, kashi 8 daga albashinsa da kashi 10 daga mai ɗaukarsa kamar yadda dokar 2014 ta tsara, ya riƙa duba saƙon kamfanin fanshonsa don ya tabbatar kuɗin na shiga, ba a takardar albashi kawai ake cirewa ba. Sai fom ɗin masu tsaya masa, yawanci mutum biyu. Kawu ko maƙwabcin da zai sa hannu a karanta masa abin da ke ciki da Hausa, domin ba shaidar hali kaɗai yake bayarwa ba, alkawari yake ɗauka cewa in kuɗi suka salwanta ta hannun yaron aka rasa mai biya, ƙofarsa za a ƙwanƙwasa.